Mutum na Biyar

Motar da ta buge Rakan ɗan Hajji Falah farar a-kori-kura ce, kuma ba ta tsaya ba. Abin ya faru ne ranar wata Lahadi da fitowar rana, a kan titin da ya shigo ƙauyenmu daga Ma'an, lokacin da Rakan yake ƙetarar da tumaki. Tumaki huɗu suka mutu nan take. Shi ya rayu, amma likitoci suka ce ba zai sake taka ƙafafunsa ba. Shekarunsa ashirin da huɗu.

A ƙauyenmu akwai farar a-kori-kura goma sha tara. Wata tsohuwa da ke gasa gurasa a ƙofar gidanta ta ce ta ga ɗaya ta shiga layinmu a guje. A layinmu kuwa mutum ɗaya ne ke da irinta, ƙanena Ayid, mai shagon kayan miya.

'Yan sanda suka kira shi, ya musa. Bayan kwana biyu suka duba motar, ba su ga ko ƙwarzane ba. Suka rubuta abin da suka rubuta, suka ce maganar za ta je kotu. Kowa ya san ma'anar wannan: shekara biyu ana ɗage zama. Samarin gidan Falah ba su da niyyar jiran shekara biyu. Suka fara ajiye mota a bakin layinmu, su zauna a ciki, ba sa ce wa kowa komai. Rana ta biyar aka fasa gilashin shagon Ayid. Rana ta shida matata Fidda ta hana ɗanmu Nayif fita ko ƙofar gida.

Ni ne na miƙe a taron dangi na ce a bar kotu, a kai maganar gaban Shehi Daifallah, wanda ke yanke irin wannan shari'a tun ba a haife ni ba. Sunana Miflih, shekara ashirin da biyu ina koyar da lissafi a makarantar maza, kuma in na yi magana a taro akan saurara. Na ce kotu za ta ɗauki shekaru, kafin ta gama an zubar da jini. Na ce Ayid bai yi ba, don haka ba abin da za mu ji tsoro. A lokacin na yarda da abin da nake faɗa.

Aka karɓi atwa, wato alkawarin tsagaita rikici, ta wata uku, ba mai taɓa kowa. Kowane ɓangare ya kawo dattijon da zai tsaya masa. Aka rubuta takarda cewa duk abin da Shehi ya yanke ya zauna, ba wanda zai koma ya nemi wani hukunci a wani wuri. Sa hannuna ne na biyu a ɓangarenmu. Washegari motar samarin ta ɓace daga bakin layi, Nayif ya koma makaranta, mutane suka riƙa tare ni a hanya suna sa mini albarka.

Kwana tara bayan haka, mahaifiyarmu ta aike ni rumfar bayan gidanta in ɗauko wa awaki sha'ir. Buhun sama ya jiƙe, sai na ɗaga na ƙasa. A ƙarƙashinsa akwai bambar mota a lanƙwashe da fitilar gaba a fashe. Gashin tunkiya ya manne a jikin ƙarfen. A bakin gilashin da ya fashe kuma akwai wani ɗan ƙyalle, bai kai tafin hannu ba, ja da fari, irin na hiramin da kowane namiji ke ɗaurawa a kai.

Sannan na mayar da buhunan yadda na same su, na kai wa awaki jiƙaƙƙen sha'irin.

Ban faɗa wa kowa ba. Na ce wa kaina ba shaida a hannun gidan Falah, Shehi zai saurara ya sallami kowa, ni kuma ba wanda zai tambaye ni komai.

An yi zaman farko ranar Litinin a tantin Shehi. Tsoho ne ɗan ƙarami, ya haura tamanin, da na'urar ji a kunnensa na hagu. Ya saurari Hajji Falah, ya saurari Ayid, ya sa aka maimaita masa maganar tsohuwar mai gurasa sau biyu. Ya ce ganin mota daga nesa ba ganin mutum ba ne, amma kuma ba maganar banza ba ce. Tunda ba shaida, sai rantsuwa. Ayid zai rantse a cikin da'irar da ake zanawa a ƙasa ranar Alhamis da hantsi, maza huɗu na jininsa su bi bayansa. Uku mu za mu zaɓa. Na biyar in an haɗa da Ayid, wanda zai rufe rantsuwar, mai ƙara ne ke zaɓarsa.

Na san wannan ƙa'ida tun ina yaro. Ban tuna da ita ba ranar da na miƙe a taron dangi.

Hajji Falah bai yi dogon tunani ba. Ya nuna ni da sandarsa.

"Ustaz Miflih," ya ce. "Shi ya koya wa Rakan lissafi. Mutumin da ya kayar da ɗan cikinsa a jarrabawa saboda maki biyu. In shi ya ce ƙanensa gaskiya ya faɗa, na yarda, in koma gida in nemi wata motar."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Wani a bayana ya dafa kafaɗata, ya ce an girmama ni.

A bakin ƙauyenmu ta gabas akwai kangon gidan Mutlak. An ce ya rantse a cikin da'ira a kan wata rijiya, alhali ya san ba tasa ba ce. Cikin shekara bakwai ya binne 'ya'yansa maza uku, ɗaya zazzaɓi, ɗaya faɗuwa daga raƙumi, ɗaya ba a san dalili ba. Na san cewa a wancan zamani kusan kowane gida ya binne 'ya'ya. Na sha faɗa wa ɗalibaina haka. Amma shekara ashirin da biyu ina zuwa makaranta ta doguwar hanya, don kada in bi ta gefen kangon.

Da yamma na je wurin baffanmu Suwailim, wanda muke kira Ammi, babban gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Tsohon direban soja ne. Na same shi a ƙarƙashin itacen ɓaure yana naɗa taba.

"Ustaz, ka ga fuskarka kuwa? Kamar ɗalibin da aka kama da takardar satar amsa."

"Ammi, na ga abin da ke ƙarƙashin buhunan sha'ir."

Bai ɗago ba. Ya lashi takardar tabar, ya manne ta.

"Ka mayar da buhunan?"

"Na mayar."

"Madalla. Ashe karatun bai gama ɓata ka ba. Zauna." Na zauna. "Ka taɓa ganin an rantse a cikin da'ira da idonka?"

"A'a."

"Ni ma rabona da gani tun ina da haƙora. Ga yadda ake yi. Mutum ya cire takalmi, ya tako, ya ɗaga ƙafa. Mai ƙara ya ɗaga hannu ya ce na yafe rantsuwar saboda Allah da fuskokin mutanen nan. Shi ya samu girma, mu mun samu kanmu, a ci mansaf, shinkafa da naman rago, a watse. Falah ɗan mutunci ne. Ba zai so a ce shi ne ya tura maza biyar cikin zanen da'ira ba."

"In bai ɗaga hannun ba fa?"

"Zai ɗaga."

"In bai ɗaga ba?"

"Sai ka buɗe baki ka faɗi jimla ɗaya. Kai da kake zuba tun safe har azahar a gaban yaran mutane, jimla ɗaya ce za ta gagare ka? Ni ma ina cikin layin, ka ga ina rawar jiki?"

"Kai 'ya'yanka sun girma, Ammi."

"Girma yana hana mutuwa ne?" Ya kunna tabar. Ashana uku ya ƙyasta kafin ta kama.

Ranar Talata na sami Ayid a shagonsa. An liƙa kwali a inda gilashi ya fashe. Na jira wata mata ta gama zaɓen tumatir ta fita, na tura ƙofa.

"Na ga bambar," na ce.

Ya ci gaba da jera kokwamba a tire, ya jera, ya rushe, ya sake jerawa.

"Rana ce ta shiga idona, Abu Nayif. Daga kasuwa nake, ban yi barci ba. Na ɗauka tumaki ne kawai. Sai a madubi na ga hiramin."

"Ka tsaya?"

"Ƙafata ta ƙi."

"Ka je ka faɗa musu. Yau, kafin Alhamis. In ka je da ƙafarka za a sassauta."

"A sassauta? Wanda ya gudu ya bar mutum a kwance, tashinsa ake yi daga gari, ka sani. In je ina da mace mai cikin wata takwas da yara uku? Ammi ya ce Hajji zai ɗaga hannu."

"Ammi ba ya cikin zuciyar Hajji."

Sai a lokacin ya dube ni.

"Kai ka kawo mu nan. Da kotu ce, lauya ne zai yi ta magana, ba mai tambayarka ko sunanka. Kai ka tashi a gaban mutane kana wa'azi."

Gaskiya ya faɗa. Na sayi kilo ɗaya na albasa da ba ma buƙata, na fita.

Fidda ba ta tambaye ni komai ba sai ranar Laraba da rana. Tana zaune a tsakar gida tana tsince adas, wani irin ƙanƙanin wake, a faranti.

"Abu Nayif, kwana biyu kana tura abinci gefe. Ya yi, ko?"

"Ban ce ba."

"Ba ka ce bai yi ba." Ta fitar da wata tsakuwa, ta ajiye a gefen faranti. "Bakinka naka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi. Amma wanda za a ambata a cikin zanen nan, ni na haife shi."

"In na ƙi, za a tashi Ayid. Yumma, uwar da ta haife ni, ba za ta sake kallona ba."

"To ka zaɓi wadda kake so ta daina kallonka."

Nayif shi kaɗai ne ɗanmu namiji. Mun jira shekara shida kafin a same shi. A ranar ya je ƙwallo bayan la'asar, ya dawo da jini a goshi, wani ya yi masa gwiwar hannu. Rauni ne da bai kai tsawon farce ba. Da na gan shi a ƙofa, na ruga na kama kansa da hannu biyu. Ya yi dariya, ya ce, "Yaba, babana, ƙwallo ce fa, ba yaƙi ba." Ban rantse ba tukuna. Na riƙa maimaita wa kaina hakan ina wanke masa goshi.

Ranar Alhamis maza wajen ɗari biyu suka taru. An ɗage gefen tantin na gabas. Gidan Falah suka zauna a dama, mu a hagu, dattawan wasu dangi a tsakiya. An bar makamai a motoci, masu tsaya wa ɓangarorin biyu sun bi layi sun tabbatar. Aka zuba gahawa a finjali, aka ajiye a gaban manya. Ba mai sha sai an gama.

Sun kawo Rakan a keken guragu, an lulluɓe ƙafafunsa da bargo duk da zafin rana. Da muka zo wucewa ya ɗaga kai.

"Barka da hantsi, Ustaz."

"Barka kadai, Rakan. Ya jiki?"

"Alhamdu lillahi. Har yanzu ban iya lissafin rabawa ba."

Ya yi murmushi. Ban san abin da fuskata ta yi ba.

Shehi Daifallah ya tunatar da ƙa'ida: ba mai magana sai wanda ya ba izini, kuma duk kalmar da ta fito daga bakin mutum za a ɗora ta a kan ɓangarensa. Sannan ya fito fili, ya fuskanci alƙibla, ya zana da'ira a ƙasa da sandarsa, faɗinta kamar na tabarmar salla biyu. Ya ja layi bakwai a cikinta. Bai yi sauri ba. Ana jin ƙarar bakin sandar a kan tsakuwa.

Ya jera mu taku huɗu daga zanen. Ayid a gaba, ni a gefensa na dama kamar yadda ake tsayar da na biyar, Ammi Suwailim da 'ya'yan baffanninmu biyu a baya. Ya karanta wa Ayid abin da zai faɗa in ya shiga: ya rantse da Allah sau uku cewa bai buge Rakan ba, bai san wanda ya buge shi ba, in kuma ƙarya yake, Allah Ya yanke bayansa, kada Ya bar masa mai buɗe ƙofarsa. Ukun za su shiga ɗaya bayan ɗaya. Ni ne na ƙarshe, in ce: na shaida gaskiya ya faɗa, abin da ya ɗauka na ɗauka.

Sai a nan na ga abin da ya kamata in gani tun Litinin. Kwana uku ina tunanin harshena kawai, in faɗa ko kada in faɗa. Amma ni ne na ƙarshe. Kafin layi ya zo kaina Ayid ya riga ya rantse. In na ƙi a lokacin, na tsirar da Nayif, na bar 'ya'yan Ayid uku da wanda ke ciki a cikin zanen, kuma duk da haka a tashe shi daga gari. In akwai abin da zan yi, lokacinsa bai wuce taku huɗun nan ba.

Shehi ya juya wajen dama.

"Hajji Falah, mazan sun tsaya. Kana da magana?"

Hajji yana zaune a kan kujerar roba, hannayensa biyu a kan sandarsa, dama a kan hagu. Ya dubi Ayid, ya dube ni, ya dubi ɗansa.

"Ba ni da ita."

"Ja yake yi," Ammi ya raɗa a bayana, leɓɓansa ba sa motsi. "Sai ƙafa ta tashi. Tsaya cak."

"Cire takalminka, ɗana," in ji Shehi.

Ayid ya cire. Ɗaya ya kife, bai gyara shi ba. Ya yi taku na farko. Ni ma na matsa tare da shi, idona a kan hannayen Hajji. Fatarsu ta yi duhu da rana, akwai zoben azurfa a ƙaramin yatsa. Taku na biyu. Wani jariri ya yi kuka can cikin gidan Shehi, aka rarrashe shi. Taku na uku. Hannayen ba su motsa ba. Ina jin numfashin Ayid, gajere gajere, kamar na wanda ya hau tudu da kaya.

Ya tsaya a bakin zanen, yatsun ƙafarsa suna taɓa ƙurar da sandar ta tayar. Na sauke idona daga hannun Hajji zuwa ƙafar. Ya ɗaga ta.

Na cafki rigarsa ta baya, daidai ƙugu, na ja. Ɗinkin ya yage. Ya dawo da baya ya faɗo a ƙirjina, ƙafar ta sauka a wajen zanen.

Shehi ya gyara na'urar kunnensa.

"Ustaz, hannunka ya yi magana ba da izinina ba. Bakinka zai bi shi, ko zai ƙaryata shi?"

Na juya wajensa.

"Ba zan gaskata Ayid ba, ya Shehi. Kuma ba zan bar shi ya shiga ba."

Samarin gidan Falah suka miƙe gaba ɗaya, wajen su talatin. Namu ma suka miƙe. Na ga wani ya juya zai nufi inda aka ajiye motoci. Dattijon da ya tsaya wa gidan Falah ya shiga gabansu ya buɗe hannaye, ya ce atwar nan a fuskarsa take, duk wanda ya taka ta shi ya taka. Hajji Falah bai tashi ba. Ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya, ya ce, "Ku zauna." Suka zauna a hankali, ba a tare ba. Har yanzu hannuna yana riƙe da yagaggiyar rigar, na kasa buɗe yatsuna.

Ayid ya zame ya durƙusa a ƙasa. Ya juya wajen keken.

"Rana ce ta shiga idona, Rakan. Wallahi ban gan ka ba."

Shehi bai hana shi ba. Rakan ya daɗe yana kallonsa.

"Ni ma ban gan ka ba," ya ce. "Amma na ji ka. Na ji ka rage gudu, sannan ka ƙara."

Shehi ya share da'irar da sandarsa daga waje, layi bayan layi, bai bar ko alama ba. Aka koma cikin tanti. Hukuncin bai ɗauki rabin sa'a ba. Bugun kuskure ne, diyyar ƙafafu da jinya a kan danginmu duka. Gudun da ɓoyewar kuwa a kan Ayid shi kaɗai: zai bar ƙauyen da iyalinsa shekara uku, cikin kwana uku, kuma motar ba za ta sake taka wannan titi ba. Dattawa suka roƙi Hajji Falah, ya sauke kashi ɗaya cikin uku na diyyar saboda fuskokinsu. Daga shekarun bai sauke ko kwana ɗaya ba. Aka rubuta, aka sa hannu, aka ware kwafin da za a kai wa hukuma. Sannan aka sha gahawar. Ta huce tuni.

Ammi Suwailim bai jira mun isa mota ba.

"Hannunsa ya tashi," ya ce. "Yatsunsa sun bar sandar, na gani da idona. Daƙiƙa ɗaya, Ustaz. Da ka haƙura daƙiƙa ɗaya, da yanzu muna cin nama."

"Ban gani ba, Ammi."

"Ina za ka gani? Kana can kana kallon ƙafa kamar mai sayar da takalmi."

Ɗaya daga cikin 'ya'yan baffanninmu ya ce shi ma ya ga hannun ya motsa. Ɗayan ya ce ƙuda Hajji ya kora. Har yau ba su daidaita ba.

Ayid ya tafi ranar Asabar da safe, zuwa wurin surukansa a Tafila. Na je taya shi ɗaure kaya, ya karɓi igiyar daga hannuna ya ba wani. Mahaifiyarmu takan amsa gaisuwata, amma in tana son a ɗaga mata buhu maƙwabci take kira. Bayan sati biyar matar Ayid ta haihu, namiji. Fidda ce ta ji a bakin mata ta faɗa mini. Yaron lafiyarsa ƙalau, na tambaya sau biyu.

Na haɗu da Hajji Falah a ƙofar masallaci wata Juma'a, bayan kusan wata huɗu. Muna neman takalmanmu a wuri ɗaya. Ya miƙo mini hannu, na dama, mai zoben azurfa.

"Ustaz. Ya Nayif?"

"Lafiya lau, Hajji."

"Allah Ya raya maka shi."

"Amin. Ya Rakan?"

"Yana nan. Ya fara koyon gyaran waya."

Tambayar tana bakina: da zai ɗaga hannun nan a ranar, ko kuwa? Na riƙe hannun fiye da yadda ake riƙewa a gaisuwa, shi kuma bai janye ba, yana jira. Sai wani ya ce mu ba shi hanya. Na sake shi, na sunkuya na ɗauki takalmina.